Guangzhou, Fatoman Ƙasar Sin

A Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre, in ka tambayi yaron shago ina maigida ya ce maka ya tafi Caina, da wuya a ce Beijing yake nufi ko Shanghai. Gwanzu yake nufi, wato Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke can kudancin ƙasar. 'Yan kasuwarmu sun san unguwanninsa, sun san kuɗin kwantena daga can zuwa Legas, wasu har sun iya ƙirga kuɗi da yaren mutanen. Abin da ba kasafai ake tsayawa a tambaya ba shi ne: a ƙasar da take da birane sama da ɗari masu mutum fiye da miliyan guda, me ya sa wannan ne ya zama matattarar baƙi? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ni a ganina, hanya mafi sauƙi ta gane wannan birni ita ce a tuna da fatoma. Zamanin fataucin goro, in ayari ya isa Salaga ko Kumasi, falke ba ya faɗawa kasuwa gaba gaɗi. Fatoma ne zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan rigima ta tashi, sannan ya ɗauki la'adarsa. Wannan sana'ar Guangzhou ya shafe fiye da shekara dubu yana yi wa ƙasar Sin. Sarakuna sun sauya, tutoci sun sauya, kayan da ake sayarwa sun tashi daga siliki da tangaran sun koma waya da takalmi, amma aikin na nan yadda yake.

Asalin abin daga shimfiɗar ƙasa ne. Birnin yana zaune a bakin Kogin Lu'ulu'u, wanda mutanen wurin ke kira Zhujiang, a daidai inda manyan koguna uku, na yamma da na arewa da na gabas, suke haɗuwa su rarrabu cikin ɗaruruwan rassa kafin su faɗa Tekun Kudancin Sin. Daga nan zuwa Hong Kong kimanin kilomita 120 ne. Wato yana kusa da teku yadda jirgi zai iso shi, amma ya shige ciki yadda guguwa da 'yan fashin ruwa ba za su same shi da sauƙi ba. Su kuwa kogunan nan su ne hanyoyin da kaya ke gangarowa daga cikin ƙasa tun kafin a san kwalta. A arewa kuma tsaunukan Nanling sun yi wa lardin katanga, sun raba shi da sauran ƙasar. Ko yau da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, sai ka yi wajen awa takwas kafin ka isa Beijing. A da tafiyar makonni ce. Sinawa suna da karin magana cewa duwatsu na da tsawo, sarki kuma yana nesa, kuma babu inda ya dace da ita kamar nan. Wannan nisan ya ba mutanen kudu damar riƙe harshensu na Kantonis, wanda mai jin Mandarin kaɗai ba ya gane shi, da girkinsu, da kuma halinsu na sa kasuwa gaba da siyasa. Ya kuma sa fada ta ga cewa in ma dole ne a yi hulɗa da baƙi, gara a yi ta can nesa da gadon sarauta.

Yanayin wurin zafi ne mai ɗanshi. Ruwan sama yakan kai milimita 1,700 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu a damina mai albarka, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Satumba. Wajen watan Maris akwai kwanakin da bango da daɓen ɗaki suke tsatstsafo da ruwa kamar suna gumi. Mai sayen kayan fata ya san abin da wannan ke yi wa jaka in ta daɗe a sito. Amma iskar da ta fi tasiri a tarihin birnin ita ce ta teku. Da bazara tana kaɗowa daga kudu maso yamma, ta turo jiragen yadi daga Indiya da yankin Larabawa. Da hunturu sai ta juya, ta mayar da su gida. Wanda ya zo da iskar farko dole ya zauna watanni yana jiran ta biyu. Baƙon da zai yi wata shida a gari kuwa yana bukatar masauki, da wurin ibada, da tafinta, wani lokaci har da mata. Haka unguwar baƙi ta samo asali.

An kafa garin a shekara ta 214 kafin miladiyya, zamanin daular Qin, da sunan Panyu. Bayan rushewar daular, wani janar mai suna Zhao Tuo ya mai da shi hedikwatar masarautarsa ta Nanyue, har daular Han ta cinye ta a shekara ta 111 kafin miladiyya. Sunan Guangzhou ya bayyana ne a shekara ta 226 miladiyya. Sai dai abin da zai fi jan hankalin mai karatu Musulmi shi ne zamanin daular Tang. A 714 aka naɗa jami'i na musamman mai kula da cinikin teku a birnin. Larabawa da Farisawa suna kiran wurin Khanfu, kuma sun yi yawa har aka ware musu unguwa. A labarin wani ɗan kasuwa mai suna Sulaiman, wanda aka rubuta a 851, an ce akwai Musulmin da hukuma ta amince ya riƙa yanke hukunci tsakanin 'yan'uwansa, shi ke jan sallar idi ya yi huɗuba. Wanda ya san yadda sarkin zango yake a Kumasi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masallacin Huaisheng, mai hasumiyar da ta kai mita 36, yana nan tsaye har gobe, kuma yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Musulmin wurin suna danganta kafa shi ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda, har akwai kabarin da ake ziyarta da sunansa a arewacin tsohon gari. A nan sai an yi hattara, domin malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Labarin dai yana nuna yadda Musulmin Sin suke ƙaunar jingina asalinsu ga zamanin farko, kuma babu ja cewa Musulunci ya iso nan da wuri, ta hanyar ciniki.

Zaman bai kasance lami lafiya ba kullum. A 758 Larabawa da Farisawa suka far wa garin suka wawashe shi suka gudu ta teku. Wajen 879 kuma ɗan tawaye Huang Chao ya kama birnin ya yi wa baƙi kisan kiyashi. Abu Zaid na Siraf ya ce mutum 120,000 aka kashe, Musulmi da Kirista da Yahudawa da Majusawa. Ko da an yi ƙari a adadin, ya nuna yawan baƙin da ke wurin. Bayan ƙarnuka, tashar Quanzhou ta sha gabansa na wani lokaci, amma Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa Mali har ya sauka Takedda a Nijar ta yau, ya ba da labarin kasuwar tangaran ta Guangzhou da unguwar Musulmi mai masallaci da alƙali.

Turawan Fotugal sun iso gaɓar a 1513, suka sami gindin zama a Macau a 1557. Daga bakinsu sunan Kanton ya fito, lauya sunan lardin ne suka yi suka liƙa wa birnin. Daga nan aka doshi zamanin da fatomancin ya zama doka a rubuce. A 1757 sarki Qianlong ya hana Turawan yamma ciniki a kowace tasha sai wannan. Shekara 85 ana haka. An ware musu 'yar siririyar gaɓa a wajen ganuwa, inda aka jera gidaje goma sha uku, sama masauki ƙasa sito. Ba a shiga gari. Ba a zuwa da mata ko makami. An hana koya musu harshen ƙasar. In kakar ciniki ta wuce, a tattara a koma Macau. Mafi muhimmanci, kowane jirgi da ya tsaya a Whampoa, matsayar jiragen ruwa kusa da birnin, sai ya sami ɗaya daga cikin 'yan tsirarun attajiran da gwamnati ta ba lasisi, waɗanda ake kira Cohong, ya tsaya masa. Shi zai sayi kayan jirgin, shi zai samo shayi da siliki, shi zai biya haraji, in kuma wani matuƙi ya sha giya ya yi ɓarna, wuyansa za a kama.

An yi kuɗi a wannan sana'a. Wu Bingjian, wanda Turawa ke kira Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa a 1834 ta kai dalar azurfa miliyan 26, abin da ya sa shi cikin mafi arzikin mutanen duniya a zamaninsa. An kuma tsiyace a cikinta, don fatoma tsakanin wuta biyu yake: jami'an sarki suna tatsarsa, baƙi suna bin sa bashi da ruwa mai tsada. Da yawansu sun karye, wasu har aka kore su zuwa iyakar yamma.

Abin da ya rusa tsarin kowa ya sani. Ingila tana shan shayi kamar ruwa, Sinawa kuma ba su damu da kayan Ingila ba, sai azurfa. Sai Turawa suka koma shigo da ƙwayar ofiyom da ake nomawa a Indiya, azurfar ta juya tana fita, mutane suna lalacewa. A 1839 sarki ya turo wani babban jami'insa mai suna Lin Zexu, ya ƙwace akwatuna sama da 20,000 ya lalata su a Humen. Ingila ta amsa da jiragen yaƙi. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta ba ta Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar, ta soke Cohong. Cikin 'yan shekaru Shanghai ta ƙwace cinikin. Gidajen nan goma sha uku sun ƙone a 1856, Ingila da Faransa suka koma tsibirin Shamian, inda gine-ginensu suke har yanzu, amare da angwaye na zuwa ɗaukar hoto.

Shekaru ɗari da suka biyo baya na siyasa ne da yaƙi. Sun Yat-sen, jagoran masu juyin da ya kawar da sarauta a ƙasar, ɗan lardin ne, a nan ya kafa gwamnatinsa da makarantar soja ta Whampoa a 1924. Japan ta mamaye birnin daga 1938 zuwa 1945, 'yan gurguzu suka shigo a Oktoban 1949.

To, ga abin mamakin. Gwamnatin Mao Zedong, shugaban 'yan gurguzu, wadda ta rufe ƙasa fiye da yadda Qianlong ya yi, ita ma da ta bukaci kuɗin waje, ƙofar nan ta sake buɗewa. Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi tun yaƙin Koriya, ana bukatar injuna da taki, ga Hong Kong a maƙwabta. A watan Afrilun 1957 aka buɗe baje kolin Kanton, masu saye kimanin 1,200 suka zo daga ƙasashe da yankuna 19. Tun daga nan ake yin sa sau biyu a shekara, ko a tsakiyar hargitsin juyin al'adu da Mao ya ƙaddamar a 1966 ba a fasa ba; a shekarar korona ma ta intanet aka yi shi. Yanzu a katafaren fili na Pazhou ake yi, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, sannan daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, an raba shi kashi uku bisa nau'in kaya, kuma masu saye daga waje sukan haura 200,000. Duk wanda ya taɓa neman ɗakin otal a makonnin nan ya ji a aljihunsa.

Da Deng Xiaoping, wanda ya zama jagoran ƙasar bayan Mao, ya kawo sauyin buɗe kasuwa a 1978, Guangdong ce ta fara cin moriya. Xi Zhongxun, mahaifin shugaba Xi Jinping, shi ke jan ragamar lardin, shi ya roƙi Beijing a 1979 ta sakar musu mara. A 1980 aka kafa yankunan tattalin arziki na musamman a Shenzhen da Zhuhai da Shantou, a 1984 aka sa Guangzhou cikin birane 14 na gaɓa da aka buɗe. Masu masana'antun Hong Kong, waɗanda galibinsu 'yan asalin ƙauyukan nan ne, suka tsallako da injunansu. Suna da wani zance: shago a gaba, masana'anta a baya. Oda da kuɗi a Hong Kong, gumi a bakin kogi. Miliyoyin 'yan ci-rani suka kwararo daga Hunan da Sichuan da Hubei da Guangxi. Ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 18.7 a birnin, yankin gaba ɗaya kuma, in an haɗa da Hong Kong da Macau, wajen miliyan 86.

A takarda, tattalin arzikin birnin ya haura yuwan tiriliyan uku a 2023. Akwai motoci: kamfanin GAC yana haɗa Honda da Toyota, Nissan na gundumar Huadu, ga XPeng mai motocin lantarki. A nan aka ƙirƙiri manhajar WeChat a 2011. Tasharsa, musamman ɓangaren Nansha, ta ɗaga kwantena sama da miliyan 25 a 2023. Amma ba waɗannan ne suke kai mutumin Kano can ba. Abin da ke kai shi shi ne yadda kowane gari a kewayen ya riƙe sana'a ɗaya ya ƙware a kanta. Tayil a Foshan, kujeru da gadaje a Lecong, fitilu a Guzhen, jakunkuna a Shiling, wandon jins a Xintang, babura a Jiangmen, waya a Shenzhen, inda hedikwatar masu Tecno da itel take. Duk cikin tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka. Guangzhou ba shi ke ƙera duka ba. Shi ne rumfar da ake baje su. Har atamfar da ta cika Kwari ma, da yawa daga Shandong da Zhejiang ake buga ta, ofishin dillalin ne kawai a Gwanzu.

Wanda yake son ganin injin da idonsa ya je Kangle, bayan kasuwar yadi ta Zhongda. Lunguna ne matsatstsu, benaye sun kusa haɗa goshi, kowane hawa akwai kekunan ɗinki. Da sassafe masu ƙananan shagunan ɗinki ke jeruwa a bakin titi, kowa riƙe da riga ɗaya da guntun kwali an rubuta kuɗin ɗinka kowace guda, teloli suna wucewa suna dubawa, suna taya farashi. A nan maigida ne ke tsayuwa yana jiran a zaɓe shi. Yadin da aka yanko da safe, kafin wayewar garin gobe ya zama riguna ɗari biyu a cikin dila. Irin wannan saurin ne ya ɗaga kamfanin Shein mai sayar da tufafi ta intanet, wanda dubban masu yi masa ɗinki suke gundumar Panyu.

Na taɓa raka kawuna can, 'yan shekaru kafin korona. A Xiaobei muka sauka, unguwar da Musulmin Afirka suka fi so saboda gidajen abincin halal na 'yan ƙabilar Hui da Uygur, Inyamurai kuma sun fi yawa a wajen Sanyuanli. A benen Tianxiu na ga ciniki babu harshe: mai shago ta danna farashi a kalkuleta ta miƙo, Kawu ya goge ya danna nasa ya mayar, ta dafe ƙirji kamar an soke ta, ta sake dannawa. Takalma ne, samfurin ya yi kyau ƙwarai. Da muka fito na ce, "Kawu, ai ka yi mata wayo." Ya ce, "Ɗana, ba a yi wa waɗannan wayo. Duk kuɗin da ka danna, akwai takalminsa." Bayan kwana goma muka je sito duba kaya kafin a loda. Ya sa aka farke kwali daga tsakiyar tuli, ba na sama ba, ya ɗauki ƙafa ɗaya a hannun dama, samfur a hagu, ya jijjiga. Na kwalin ya fi sauƙi, an rage kaurin tafin. Kwana biyu aka yi ana ja-in-ja ta bakin ejan ɗinmu, wani ɗan Nijar da ya shekara takwas a garin yana jin yarensu, kafin a rage kuɗi. Shi ejan ɗin, shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi ya kama mana ɗaki, shi ya haɗa kayanmu da na wasu mutum huɗu a kwantena guda, ya kuma cire kasonsa. Kakanmu da ya yi fataucin Gwanja da ya gan shi zai gane sana'arsa nan take.

Tun daga ranar na daina ɗora wa Sinawa kaɗai laifin abin da muke kira ɗan Caina. Masana'antar da ke yi wa Jamus kaya ita ke yi mana, bambancin a lambar da aka danna ne, araha kuwa ba ta ado. Wannan ba ya wanke masu ha'inci, suna nan da yawa. Ba ya kuma share gaskiyar cewa kwantenonin nan, har da waɗanda ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi, suna cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Sharaɗa da Challawa da Kakuri, tare da rashin wuta da sakacinmu.

Shi ma fatoman ba kullum yake sakin fuska ba. Biza gajera ce, sabunta ta wahala ce, wanda tasa ta ƙare kuma ya shiga wasan ɓuya da 'yan sanda. A 2009 da 2012 'yan Afirka sun yi zanga-zanga a titunan birnin kan yadda 'yan sanda ke mu'amala da su, ta biyun bayan mutuwar wani ɗan Najeriya a hannunsu. A Afrilun 2020 aka fitar da baƙar fata da dama daga gidajen haya da otal da sunan yaƙi da korona, wasu suka kwana a titi, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotunan. Yawan 'yan Afirka a garin ya ragu sosai idan aka kwatanta da shekarun da Xiaobei ke tashe. Wasu sun koma Yiwu, wasu kuma sun gane cewa da WeChat da amintaccen ejan ana iya yin oda daga Kano ba tare da sayen tikiti ba, balle da dala ta yi tsada. Sinawan ma yanzu da kansu suke kawo kaya har Kwari, abin da ke ci wa 'yan kasuwarmu tuwo a ƙwarya.

A cikin gida ma birnin na fuskantar matsi. Shenzhen, wadda ba ta fi ƙaramin gari ba a 1980, ta wuce shi a ƙarfin tattalin arziki. Motocin fetur na Japan da suka riƙe masana'antarsa suna shan kashi a hannun na lantarki. Evergrande, katon kamfanin gidaje da aka kafa a nan a 1996, ya kasa biyan bashi a 2021, kotun Hong Kong ta ba da umarnin rusa shi a Janairun 2024. Albashi ya hau, wasu masana'antu sun ƙaura Biyetnam da lardunan ciki, hukuma kuma ta fara rushe lungunan Kangle tana tura teloli Qingyuan, can arewa da birnin.

Gaɓar da gidaje goma sha uku suka tsaya a da, yanzu wani ɓangarenta lambun shaƙatawa ne. Titin da ke bayansa har yau sunansa Shisanhang, ma'ana gidajen ciniki goma sha uku, kuma kasuwar sarin tufafin mata ce. Tun da sanyin safiya ake buɗewa, 'yan dako suna jan amalanke cike da dila suna ihu a ba su hanya, kafin la'asar mafi yawan shagunan sun ja ƙofa.